Narhar Shastri da Hankakan Bakin Godawari

Daga wurin Allah muka fito, can kuma aka nufa da mu, kowa da ranarsa. Taka ranar, Narhar, ta faɗo Alhamis, 8 ga watan Fabrairun 2024, da hantsi, a gidanku na gado da ke tsohon garin Nashik, kana da shekara saba'in da tara. Ina kasuwa ina jayayya da wata mai sayar da inabi ɗanka Mukund, wanda ke ce min Chacha, wato baffa, ya kira ni a waya ya ce, "Chacha, Baba ya cika." Na ajiye inabin na kama hanya. Sai da na iso ƙofar gidanku na tuna na bar sandata a jingine da teburin matar, har yau kuma ban koma ɗauko ta ba.

Tsofaffin ɗalibanmu suka ce ni, Yasin Maniyar, ni ya kamata in rubuta ta'aziyyarka, tunda mun yi shekara talatin da 'yan kai muna koyarwa a kwaleji ɗaya, kai kana koyar da Sanskrit, harshen addininku, ni ina koyar da Farisanci. Na amsa musu da to, ina ganin abin mai sauƙi ne. Ashe ba haka ba. Na zauna zan rubuta sai na tarar akwai abubuwa da yawa game da kai waɗanda ban sani ba, akwai kuma abin da na gani da idona a bakin kogi ranar kwana gomanka wanda har yanzu ban san a wane kwando zan sa shi ba. Ka saba ruɗa ni tun kana da rai, to ga shi ka mutu ma ba ka fasa ba.

Bari in fara da abin da na tabbata da shi, wato alherinka. A shekarata ta huɗu a kwaleji ajin Farisanci ya bushe. Yara sun gano ba a samun aiki da waƙoƙin mutanen da, suka watse zuwa lissafin kasuwanci, aka bar ni da ɗalibi biyu, ɗaya ma barci yake zuwa yi. Hukumar makaranta ta fara maganar rufe ajin, ni kuwa ga mata ga jariri. Ban gaya maka ba, don a lokacin gaisuwa kawai ke haɗa mu. Wata safiya na shiga aji na tarar da shi cike da yaran Brahmanawa, 'ya'yan gidajen malaman addininku, goshi duk zanen ibada, sun zuba min ido. Na ɗauka ɗaki na ɓata, na juya zan fita. Sai ɗayansu ya ce Shastri, wato kai, ne ya turo su, ya ce duk wanda bai ɗauki Farisanci ba kada ya sake taka masa aji, domin ba a sanin uwa sosai sai an san ƙanwarta. Haka ka yi ta turo min su shekara bayan shekara har na yi ritaya. Ko sau ɗaya ba ka taɓa tayar da zancen ba, da na zo godiya ma cewa ka yi in daina ɓata maka lokaci, ba don ni ka yi ba, don harshe ka yi.

Daga nan ka laƙaba min Maulana, ko da yake ka san ban fi ƙarfin limancin iyalina ba, ni ma na rama da Pandit, laƙabin malaman addininku. Kai ba ka cin nama, ko albasa ma sai ka ga ido ya kauce, amma ba Sallar da ta wuce ba ka zo gidana ba, ka zauna nesa da tukunyar nama kana shan taliyar madara kana kushe sukarin da aka sa. Lokacin da matata Zubeda ta yi doguwar jinya, kai ka riƙa ɗaukar ajina a kan naka, kana koya wa yara Farisanci da lafazin da har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai.

To sai kalmar nan da ta cinye maka rayuwa. Ina tuna ranar da ka fara kawo min ita a ɗakin malamai. Ka tsoma yatsa a cikin shayina, ba izini, ka rubuta gaɓa biyu a kan tebur: shrad, dha.

"Shraddha," ka ce. "Abin da ku kuke kira imani. Ta biyun ba gardama a kanta, ajiyewa ce, ɗora abu a wani wuri. Ta farkon ce rigimar. Ni na ce zuciya ce. Ka ɗauki zuciyarka ka ajiye ta a wurin wani, shi ke nan ka yi imani. Yanzu saurara, Maulana. Kiristocin Rum in za su faɗi abin da suka gaskata da Latin, da kredo suke farawa. Kre-do. Shrad-dha. Ba ka ji ba?"

Na ce ni ban ji komai ba sai shayina da ka ɓata.

Ba ka kula ni ba. Ka ce a tsohon littafin Farsawa masu bautar wuta kalmar tana nan, zrazda. Ka ce can ƙarshen Turai, a tsibirin Ayaland, tsofaffinsu suna da ita. Ka jero sunan zuciya a bakin Girkawa, kardiya, da na Rumawa, kord, har ka dangwalo dil ɗin Farisancina ka ce ita ma 'yar gidan ce. Ba wanda ya ara daga wani, in ji ka, gado ne daga uwa ɗaya, wani harshe da wasu makiyaya suka yi magana da shi a filayen ciyawa can arewa, dubban shekaru da suka wuce, mutanen da ba su bar ko harafi ɗaya a rubuce ba. Na ce haba Pandit, dil da shrad ko makaho ya shafa ya san ba su yi kama ba. Ka ce 'yan uwa ba a fuska ake gane su ba, a tafiya ake gane su, ka shiga yi min bayanin yadda sauti ke sauyawa bisa ƙa'ida daga harshe zuwa harshe. Na yi ta gyaɗa kai. Gaskiyar magana ita ce rabin bayanin na fahimta a ranar, kuma a shekarun da suka biyo baya ban ƙara komai a kan rabin nan ba.

Ni a wurina wannan hira ce ta shan shayi. A gidanku kuwa wuta ce. Ban halarci abin ba, ba a gayyatar irina wannan cin abinci, matarka Kusum ce ta ba ni labari, wadda nake kira Wahini kamar yadda ake kiran matar ɗan'uwa. Ranar hidimar shekara ta marigayi mahaifinku ce, hidimar ciyar da magabata, wadda sunanta ma daga jikin kalmar nan aka ciro shi, abin da ake yi wa matattu da shraddha. An jera malamai a ƙasa, kowa da ganyen ayabarsa, an zuba shinkafa, yayanka Gangadhar Shastri yana zaune a kan layi a matsayin babban gida. Wani tsoho ya ce Narhar mai karatun jami'a ya ɗan faɗi wani abu a kan ma'anar ranar. Da wani ne sai ya kawo baiti biyu ya zauna. Kai kuwa, Allah ya shirye ka, ka ga dama ta samu. A gaban shinkafar ubanka ka gaya wa malaman nan cewa kalmar da suka taru dominta tana da 'yan uwa a bakin Kiristoci da Farsawa, cewa Sanskrit ba uwar harsuna ba ce, 'ya ce a cikin 'ya'ya.

Ka san abin da kake taɓawa. A wurin Dada, kamar yadda kowa ke kiran yayan naka, Sanskrit harshen sama ne, ba a haife shi ba balle ya yi ƙanne a cikin masu cin naman shanu. Wahini ta ce bai ɗaga murya ba. Ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya miƙe a tsakiyar cin abincin magabata, abin da ba a yi, ya wanke hannu ya shige ɗakinsa. Daga ranar bai sake yi maka magana ba.

Gida ɗaya fa, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya! Shekara talatin da wani abu! In rufi na yoyo sai Dada ya tsaya a gabanka ya ce wa Wahini, "Ku gaya masa rufi na yoyo." In kuɗin wuta ya zo, "Ku gaya masa." Matarsa ta yi ta kai saƙo har ta rasu, Mukund ya tashi a cikin kai saƙo har ya girma ya tafi aiki Pune, aka bar Wahini ita kaɗai tana zirga-zirga tsakanin tsofaffi biyu da ke iya jin tarin juna. Kai kuma ba ka taimaka ba. Kullum da safe in ya fito famfo sai ka gaishe shi, sannan ka jefa masa wata sabuwar hujja ta saman igiyar shanya, yau daga Latin, gobe daga Girkanci. Shi kuma ya ci gaba da kurkure bakinsa kamar iska ce ta wuce. Na sha ce maka ka bar tsohon nan ya huta, ka ba shi haƙuri a wuce wurin, tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Ka ce haƙuri a kan me, ƙarya ka yi?

Abin da ya fi ɗaure min kai ya faru ne bayan mun yi ritaya. Ka zo gidana da rana tsaka, fuska cike da murna kamar an yi maka jika, ka ce, "Maulana, wataƙila na yi kuskure!" Wai ka karanta wasu masana da suka ce gaɓar farkon nan ba zuciya ba ce, wani abu ne kamar amana ko jingina da mutum ke bai wa abin bautarsa yana sa ran a mayar masa da alheri, kamanninta da zuciya kuwa haɗuwar hanya ce kawai. 'Yan uwantakar da kredo tana nan daram, amma zuciyar ta fara rawa. Wallahi raina ya ɓaci. Na ce kai yanzu ka rasa ɗan'uwanka a kan kalmar da ba ka ma tabbatar da rabinta ba, kuma kana dariya? Na tambaye ka ko ka gaya wa Dada. Ka ce ka gaya masa da safe, ya ci gaba da wanke ƙafarsa.

A ranar ne na yi maka tambayar da na daɗe ina haɗiyewa. Na ce kai da ka ƙarar da ƙuruciyarka a kan sunan imani, kana da shi kuwa? Ka ce, "Likitan zuciya ma yana da zuciya, Maulana, amma bai taɓa ganin tasa ba." Ka ɗauki lemarka ka tafi. Wannan amsa ce, don Allah?

Ba ni kaɗai ke wannan tambayar ba. A unguwarku an daɗe da yanke maka hukunci, ana cewa ƙanen Gangadhar Shastri boko ya cinye shi, ba ya yarda da komai. Wahini kuwa kullum da magariba tana kunna fitilar ibada kana zaune a gefenta kana karanta baitoci, amma ta ce min ba ta taɓa sanin ko addu'a kake yi ko sautuka kake aunawa ba. Ba ta taɓa tambayarka ba don tana tsoron amsar. Shi ya sa kwana na goma ya yi mata nauyi fiye da ranar da aka ƙona gawarka. A ranar ta goma ake ajiye wa mamaci dunƙulen shinkafa a bakin kogi a ja da baya. In hankaka ya sauko ya taɓa, ran mamacin ya gamsu, ya kama hanyarsa. In ya ƙi, akwai abin da ya riƙe shi. A kanka kuwa kowa ya san fassarar da za a yi wa ƙin, kuma Wahini ce za ta zauna da wannan fassarar a tsakar gidan nan har ƙarshen ranta.

Muka sauka bakin kogin Godawari da safe. Ni na tsaya a matakalar sama, inda ya dace da ni. Mukund an aske masa kai, yana ɗaure da farin mayafi jiƙaƙƙe, yana bin abin da Guruji, malamin hidimar, ke karanta masa. Dada ya zo a keken riksha, ya zauna can gefe ƙarƙashin lema, shekara tamanin da shida, baya a miƙe kamar an sa masa sanda. Aka dunƙula shinkafar da baƙin riɗi, aka ajiye a kan dutse, kowa ya ja da baya.

Hankaki kuwa ga su nan birjik, a kan waya, a kan rufin ɗakin bauta. Iyalin da ke gefenmu ko gama ja da baya ba su yi ba aka wawashe tasu shinkafar. Taka ko kallo.

Guruji ya ce a fara alkawari. Mukund ya je ya durƙusa ya ce zai kula da mahaifiyarsa, ba za ta rasa komai ba. Muka jira. Ya koma ya ce ba za a sayar da littattafanka ba, ko ɗaya. Muka jira. Wani tsohon ɗalibinka, wanda yanzu shi ma furfura ta cika masa kai, ya ce za su tattara laccocinka su buga. Wahini ta je ta sunkuya ta yi raɗa, daga baya ta ce min alkawari ta yi za ta riƙa shan maganin hawan jininta ba sai an yi faɗa ba. Wani hankaka ya sauko, ya zaga dutsen yana tafiyar ƙasaita, ya karkata kai ya dubi shinkafar da ido ɗaya, ya tashi abinsa. Na ce a raina wannan tsiyar taka ce sak.

Rana ta take. Ƙus-ƙus ya fara tashi a bayana, ina jin wata tsohuwa tana cewa ai dama, wanda ya haɗa harshen sama da na masu cin shanu me ake jira. A nan ne na kama kaina ina motsa baki ina cewa ya Allah ka turo hankakan nan. Na yi istigfari. Ni Musulmi ne, na san hankaka hankaka ne, ba ya ɗauke da ran kowa. Na sake duban fuskar Wahini, sai na ji bakina ya koma kan roƙon.

Guruji yana da wasu iyalan da ke jiransa. Ya zaro ciyawar ibada daga jakarsa ya fara murɗa ta, domin in abin ya gagara akan ƙulla hankakan ciyawa a taɓa shinkafar da shi a tashi. Kowa ya san wannan rufin asiri ne kawai, kuma kowa zai tuna. Wahini ta ce, "Guruji, ajiye. Ba za a taɓa shinkafar mijina da ciyawa ba." Sannan ta ɗago kai ta neme ni a cikin mutane, ta kira ni da sunan da mace ke kiran ɗan'uwan mijinta.

"Bhauji, kai ka fi kowa zama da shi. Me yake so?"

Shekara arba'in ina shan shayi da kai, Narhar, aka yi min tambaya ɗaya a gaban jama'a na rasa amsa. Na sauko har inda aka yarda in kai. Na ce a raina ni ba da shinkafa nake magana ba, da abokina nake. Na ce, "Pandit, na yarda. Dil da shrad 'yan uwa ne, na daina gardama." Wasu ɗalibai suka yi dariya cikin hawaye. Hankaki ko gezau.

Sai muryar Dada ta fito daga ƙarƙashin lema, a bushe. "Ku gaya masa rana na yi. Mutane na da abin yi."

Wahini ta juya. Matar da ban taɓa jin ta ɗaga ido ta dubi yayan mijinta ba, a gaban maza, a bakin kogi, ta ce, "Wa zai gaya masa, Dada? Matarka ta kai saƙo har ta mutu, ni na kai har ƙafafuna sun gaji. Ga shi can a kan dutse. Gaya masa da bakinka."

Na ɗauka tsohon zai kira mai riksha ya tafi. Sai ya miƙa wa wani lemar, ya dafa bango ya miƙe, ya sauko matakalar nan ɗaya bayan ɗaya, ya ture hannun Mukund da ya zo taimakonsa. Ya zauna a ƙasa a gaban shinkafar, ya naɗe ƙafa irin zaman da suke yi in za a yi muhawara.

"Naru," ya ce. "Kai jaki ne."

Ban taɓa jin wani ya kira ka Naru ba.

"Magabata sun faɗa, shrat sunan gaskiya ne. Shraddha ita ce inda aka ajiye gaskiya. Kai ka fi su sani ne? Ka ce zuciya. To zuciya a harshenmu hrid ce, ina ta samo wancan sautin, a kasuwa ta saya? Ka zo kana yi min ihu da zrazda a bakin famfo, ina ruwan wanka ina sauraronka. Na ji, Farsawa maƙwabta ne, an zauna tare, wannan ban musa ba. Amma makiyayan nan naka, wa ya gan su? Wa ya ji bakinsu? Kun zauna kun ƙera harshe da alƙalami kun ce shi ne kakan harshen sama!"

Ya ci gaba. Wallahi, Narhar, da ka ji. Duk hujjar da ka taɓa jefa masa ta saman igiyar shanya tana nan a kansa, a jere, har da wadda ka kawo shekarar da aka yi ambaliya da wadda ka janye daga baya. Yana faɗin kredo da kardiya da lafazi mai kyau, ya fi naka. Wata ya rushe ta, wata ya ce wannan ka yi gaskiya amma ba ta kai inda kake so ta kai ba. Da ya zo kan shakkar da ka yi bayan ritaya sai muryarsa ta hau. "Ranar da ka ce wataƙila ba zuciya ba ce, ka ɗauka na ji daɗi? Mutum ya riƙe magana shekara ashirin sannan ya sake ta don wani Bature ya yi tari? In za ka yi kuskure ka tsaya a kansa kamar ɗan gidanmu!"

Yana cikin wannan faɗan hankaka ya sauko. Ban ga daga inda ya fito ba. Ya dira a gefen gwiwar tsohon, ya sa baki ya fasa dunƙulen, sai ga na biyu, sai ga na uku.

"Ya taɓa!" in ji Guruji. Jama'a suka sauke numfashi, Mukund ya fashe da kuka, Wahini ta zauna a kan matakala ta rufe fuska da gefen sarinta. Guruji ya matso ya ce, "Dada, an gama, ya taɓa."

"Ni ban gama ba."

Ya kawo sauran hujjarsa har ƙarshe, hankaki na cin shinkafa a gabansa. Da ya kai aya sai ya juyo da kunnensa mai ji wajen dutsen. "To? Ina jin ka." Ya jira. Mu ma duk muka jira, kamar wawaye, har da ni. Can ya ce, ba da kowa ba, "Tun yana yaro ba ya bari in kai ƙarshen magana."

Ni da Mukund muka ɗaga shi, a wannan karon bai ture mu ba. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Muna tsakiyar matakala ya riƙe hannuna da ƙarfi, mutumin da bai taɓa ce min ko sannu ba duk zuwan da nake yi gidanku. Ya ce, "Kai ne abokin nasa. Da me zai amsa min?"

Na ce, "Ban sani ba, Dada."

To ka ji inda ka bar mu. Mutanen unguwa sun ce ranka ya gamsu, tsohuwar nan mai ƙus-ƙus ma ita ta fara cewa dama ta san kai mutumin kirki ne. Wani ɗalibinka ya ja ni gefe ya ce shinkafar maƙwabta ce ta ƙare, kuma mutane sun daina motsi suna sauraron Dada, shi ya sa tsuntsayen suka saki jiki. Mai yiwuwa ya yi gaskiya. Wahini ta samu abin da take nema, ta ce min ta yi barci a daren, ban kuma ce mata komai ba. Ni kuwa addinina ya riga ya gaya min matsayin hankaka, ban sauya ba, amma na ga abin da na gani. Ko kana da imani ko ba ka da shi, ko zuciya ce ko jingina ce, ko Dada ya kayar da kai ko kana da amsa a aljihu, duk ban sani ba. Na yi kewarka, wannan kaɗai na sani, kuma ina jin haushinka.

Saura addu'a, a nan ma ka sa ni a tsaka mai wuya. Na san abin da malamanmu suka faɗa game da roƙa wa wanda ba Musulmi ba, ban kuwa zo in yi musu gardama a kan gawarka ba. Naku suna roƙa wa mamaci salama da kyakkyawar tafiya, sun roƙa maka, na ji su. Ni abin da zan iya shi ne in bar ka a hannun wanda ya halicce ni ya halicce ka, wanda ya san abin da ke cikin ƙiraza, wanda ba ya zaluntar kowa ko da ƙwayar zarra, kuma rahamarsa ta fi ƙarfin lissafina. Ina shaida a gabansa cewa ka yi min alheri, ka rufa wa iyalina asiri lokacin da ba ka san ni ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Wahini Kusum, Allah ya ba ta haƙuri da lafiya, ya sa ta cika alkawarin maganin nan. Ina yi wa Mukund da iyalinsa, Allah ya albarkaci bayanka a cikinsu. Ina yi wa ɗalibanka a duk inda suke, waɗanda suka koyi Sanskrit da son ransu da waɗanda suka koyi Farisanci dole.

Sai kai, Dada Gangadhar. Mu mun yi magana da shi har mun gaji, mun ji amsoshinsa har sun ishe mu, don haka namu rashin mai sauƙi ne a kan naka. Tun ranar nake juya tambayar da ka yi min, na tuno duk hirar da muka yi da shi ko zan samo maka abin da zai ce, ban samu ba, kuma ba zan ƙirƙiro maka ba. Allah ya ba ka haƙuri, Dada. A cikinmu duka kai ne ka fi buƙatarsa.